Da a ce Nijar tarayya ce irin Najeriya, da Tahoua ta fi haka?

Dan_Adar227:
Salamu alaikum mutanen zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. Na je Yamai neman sa hannu a kan wata takarda ta wurin aiki. Takarda guda, hannun mutum guda. Kun san nisan, ya fi kilomita 500 daga Tahoua. Kwana huɗu na yi a gidan ƙanen babana ina zaman jiran mai sa hannun, wai ya tafi mishon. Kuɗin mota, kuɗin taksi, tsarabar yara, sai da jika 40 suka salwanta. Da muke dawowa mota ta tsaya a Konni, na zauna wurin mai shayi, hira ta haɗa ni da wani mutumin Illela, Illelar Najeriya fa, ba tamu ba. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce su irin wannan a Sakkwato ake gamawa, ka fita da safe, la'asar kana gida, ba ruwanka da Abuja. To shi ne nake tambaya: da a ce ƙasarmu tarayya ce, kowace jiha da gwamnanta na zaɓe da kasafin kuɗinta, da Tahoua ta fi haka? Ko kuwa hangen dala ne nake yi?

Basakkwace_a_Yamai:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ni ɗan can ne, shekarata goma sha ɗaya ina saye da sayarwa a Yamai, bari in faɗa maka abin da mutumin Illela ya rage bai faɗa ba. Gaskiya ne takarda ana gama ta a Sakkwato. Amma kuɗin da Sakkwato ke albashi da su daga Abuja suke fitowa. Kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 sai sun hallara a raba abin da ya shigo asusun tarayya. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. In ka cire Legas da wasu ƴan tsiraru, sauran duk wannan rabon suke jira kamar yara sun kewaye tukunya. Kai ka je Yamai neman sa hannu sau ɗaya, gwamnanmu kowane wata hannunsa a miƙe yake.

Dan_Adar227:
To amma in kuɗin sun iso, ai shi ke cewa ga abin da za a yi da su ko?

Basakkwace_a_Yamai:
Shi ne, kuma nan gizo ke saƙa. In kun dace da mutumin kirki ku ga hanya da asibiti, in ba ku dace ba ku yi shekara takwas kuna kallon jerin motoci. Kuma abin da Abuja ke yi wa jiha, shi jiha ke yi wa ƙaramar hukuma. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, sai abin da gwamna ya ga dama. Sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Ka ga ke nan mutumin ƙauyen Gada ko Sabon Birni, shi ma yana da tasa Yamai ɗin, sunanta Sakkwato.

Tsohon_Sakataren_Meri:
Yara, ku bari in sa baki, don ni na ga abin nan da idona. Maganar tarayya ba yau anka fara ta ƙasar nan ba. Lokacin tawayen arewa na farkon shekarun 1990 ita ce babbar buƙatar da ƴan tawaye sunka kawo. Gwamnati ta ce a'a, ƙasa ɗaya ce, amma za a sauko da mulki kusa da talakawa. Kan haka anka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yanzu muke hutunta. Sai da anka ɗauki shekara tara kafin a yi zaɓen kwamin-kwamin, wato ƙananan hukumomi, na farko, cikin Yulin 2004, kwamin 265. Majalisun jihohi kuwa sai 2011.
Ni na yi aiki wata meri, wato ofishin magajin gari, ta karkara, ba zan faɗi sunanta ba. A takarda komi namu ne. A 2016 ma anka ce an miƙa muna fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. To mi za mu yi aikin da shi? Lanho, harajin kai wanda kowane baligi ke biyan dala 140, sai tikitin kasuwa, sai na tashar mota da na mahauta. In damina ta yi kyau hakimai su kawo rabin lanhon, in anka yi fari ba ka da fuskar da za ka tambayi mutum. Abin da munka tara, albashin ma'aikatan meri da kuɗin zaman konseye, wato kansiloli, sun cinye shi. Kowane aji da kunka gani an gina, kowace rijiya, ku duba allon da ke gabanta, sunan wani proje ne na ƙasar waje. An ba mu doki, linzami yana Yamai, ciyawa kuma sai mun roƙa.

Daliba_Hadiza_Eco:
Baba Sakatare, Allah ya ƙara girma, wannan bayani ya fi wanda muka samu a aji. Ni dai abin da nake so in ƙara, kada mu ɗauka kalmar tarayya ita ce maganin. Sin ba tarayya ba ce, jam'iyya guda ke mulki daga Beijin, amma a 1980 suka ware Shenzen suka ce ku gwada naku tsarin kasuwanci, suka bar larduna suna gasar jawo masana'antu. Faransa da muka gaji tsarinta ita ma ba tarayya ba ce, amma tun dokokin 1982 ta rage ikon prefe, wakilin da gwamnatin tsakiya ke naɗawa, ta ba zaɓaɓɓu. Mu mun riƙe tsohon kwafin, masu abin sun gyara nasu. A ɗaya gefen ga Habasha, tarayya ce bisa ƙabila tun 1995, ba ta hana yaƙin Tigrai daga 2020 zuwa 2022 ba.

Bagobiri_Mai_Tsage:
Duk ku bar wahalar da kanku. Matsalar guda ce: an ba Zabarmawa ajiyar babban birni. Ku maido shi Tibiri ku ga aiki.

Zarmaganda_Boy:
Ji bawana yana magana. Bagobiri, in aka kai babban birni Tibiri, baitulmali a wace rumbu za ku zuba shi? Kai da ka zo Yamai da buhu ɗaya, yanzu har kana da bakin magana.

Bagobiri_Mai_Tsage:
Buhun nan da shi na ciyar da gidanku shekarar da ba ku yi noma ba, ubangidanka nake har gobe.

Damagaram_Sai_Allah:
Ku biyun ku yi ta wasanku, amma in maganar maido babban birni ake, kowa ya san inda aka ɗauke shi a 1926. Zinder ce. Mu ba mu manta ba.

MaiAlbasa_Galmi:
Ni manomi ne, ban yi lakwal mai nisa ba, amma ga abin da ni sani. Albasarmu tana zuwa Abijan, tana zuwa Akara, har can sunan Galmi ake kira. Kowane buhu kafin shi bar nan an biya mai kuɗi, hanya kuma kowane shinge sai direba ya sauka. To ina kuɗin ke zuwa? Mu dai har yau cikin rudu muke ajiya kamar kakanninmu. Lokacin cire albasa kowa ya fito da tashi rana guda, farashi shi faɗi, wanda bashi ya kama shi saida da hasara. Wanda ya iya riƙewa wata huɗu ko biyar shi ka cin riba, in ba ta ruɓe mai ba. Ku kira shi tarayya, ku kira shi duk abin da kuka so, ni wanda zai sa kuɗin albasa su gina wurin ajiyar albasa shi ne nawa.

Uwar_Gida_Koira_Kano:
Alhaji mai albasa ka faɗi gaskiya. Mu nan Yamai akwai watan da albasa ke fin ƙarfin tukunya, sai ka ji an ce a can kuma zubarwa ake yi.

Yaron_Arlit:
Ina karanta ku ina murmushi. Ku zo ku ga garin da ake haƙar uraniyom tun 1971. Doka fa tana nan: tun 2006 dokar ma'adinai ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da aka samu a koma da su ga kwamin-kwamin na jihar da aka haƙo abin, 85 su shiga kasafin ƙasa. Daga baya aka yi wa man fetur irin wannan. A takarda mun fi Najeriya ma, su kashi 13 tsarin mulkinsu na 1999 ya ba jihohin mai. Amma kuɗin sai sun fara shiga baitulmali a Yamai, sannan a jira ranar da za su fito. Shekaru ana bin bashinsu. Kai Dan_Adar ka san hanyar Tahoua zuwa Agadez zuwa Arlit, wadda don uraniyom aka yi ta. Ka tambayi direbobi yadda ta koma kafin a fara taɓa ta. COMINAK, kamfanin haƙar uraniyom, ta rufe a Maris 2021, aka bar mu da tulin ƙasa. Shi ya sa in an ce tarayya, mu nan kunnenmu yakan tashi.

Basakkwace_a_Yamai:
Yaron Arlit, ka je Bayelsa ka ga masu kashi 13 ɗin. Su kuɗinsu na isowa kowane wata ba fashi, amma ka shiga ƙauyukan cikin ruwa ka gani ko sun yi kama da inda ake haƙo arzikin ƙasa.

Injiniya_Malbaza:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. In aka ce kowa ya ci arzikin jiharsa, ku lissafa. Agadez na da uraniyom da zinariya da gawayin Tchirozérine. Diffa na da man Agadem. Zinder na da matatar mai tun 2011, ganga 20,000 a rana. Maradi na da ƴan kasuwa. Yamai na da duk manyan kamfanoni da bankuna, don nan suke biyan haraji ko da a wani wuri suke aikin. To Dosso fa? Mu Tahoua fa? Kada garin neman gira a rasa ido.

Dan_Adar227:
Haba injiniya, kai da ke zaune gindin kamfanin siminti kake wannan magana? Ga siminti a Malbaza, ga gawayin Salkadamna kwance a ƙasa, ga albasa, ga shanun Azawak, ga duwan ɗin Konni, wato kwastan. Ka bar ma wannan, ka lissafa abin da Adarawa ke aikowa daga Abijan da Libiya da Kamaru. Rabin gidajen siminti na garuruwanmu ƴan bida suka gina su, ba gwamnati ba.

Injiniya_Malbaza:
Na yarda, amma duwan ko a Najeriya ta gwamnatin tarayya ce, ba ta jiha ba. Gawayin da ke ƙasa kuma ba ya biyan malamin makaranta sai an haƙo shi. Kuɗin ƴan bida na iyalinsu ne, ba ka iya sa su cikin kasafi. Abin da zai rage mana a hannu bai kai yadda kake zato ba.

Daliba_Hadiza_Eco:
Injiniya, ai ƙasashen tarayya da suka yi nisa ba su bar kowa da nasa ba. Jamus jiha 16 gare ta, kuma akwai tsarin da jihohi masu ƙarfi ke tallafa wa marasa ƙarfi. Bavariya da yau ta fi kowa biya, a da ita ma karɓa take yi. Kenya kuma ba ta kira kanta tarayya ba, amma tsarin mulkin 2010 ya kafa gundumomi 47 da gwamnoni na zaɓe, ya kuma rubuta cewa ba za a ba su ƙasa da kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba. Wato ba alfarma ba ce da minista zai yi in ya ga dama. Wannan shi ne abin da merin Baba Sakatare ta rasa.

Malam_Tarihi_Dosso:
Ni tsorona daban ne. Ƙasa irin tamu mai faɗi, iyaka da ƙasashe bakwai, ga halin tsaro a Tillabéri da Diffa da arewacin Tahoua kanta. Ka ba kowace jiha gwamna mai kuɗinsa da majalisarsa, gobe wani ya tashi ya ce shi ba ya tare da ku. Biyafara ba tatsuniya ba ce, daga 1967 zuwa 1970 aka yi ta, kuma gwamnan yanki ne ya ja ta.

Basakkwace_a_Yamai:
Malam, da girmanka, ka fara labarin daga tsakiya. A watan Mayun 1966 Janar Ironsi ya fito da doka mai lamba 34, ya soke tarayya ya ce ƙasa ta zama dunƙulalliya. Kwanaki kaɗan arewa ta kama da wuta, wata biyu aka kifar da shi. Wato soke tarayyar ne ya fara hura wutar. Gowon da ya zo ya mayar da ita, ya yanka yankuna huɗu zuwa jiha 12 a 1967 don kada wani yanki ya fi ƙarfin tsakiya. Daga nan aka yi ta yanka: 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Tsohuwar jihar Sakkwato kaɗai an fitar da Kebbi da Zamfara daga cikinta. Kuma dattawanmu har yau zamanin Sardauna suke yabo, lokacin da yanki ke riƙe da kuɗin gyaɗa da audugarsa, har ya gina jami'a a Zariya a 1962. Da aka yi ta yankawa, kowace jiha ta ƙanƙance ta koma jiran kuɗin mai.

Malam_Tarihi_Dosso:
Na karɓi gyara a kan Ironsi. Kamaru ma hujjarka ce, Ahidjo ya soke tarayyarsu a 1972, ga shi har yau yankin masu Ingilishi bai kwanta ba. Amma ban janye tsorona ba. Abin da ya yi wa mai mutum sama da miliyan 200 daidai ba lalle ya yi mana ba.

Hajiya_Sabon_Gari:
Ni tambayata ta kuɗi ce. Jiha takwas, gwamna takwas, mataimaki takwas, ministoci na kowace jiha, ƴan majalisa na kowace jiha, kowa da mota da direba da mai gadi. Daga wane aljihu? Wanda muke da su yanzu ma ya muka ƙare da su?

Matashi_Sakola:
Ku dai ku faɗi alheri. Wa ya gyara Tahoua in ba gwamnatin tsakiya ba? Kafin bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba na 2017, ya garin yake? Gudron, fitilu, tribin, filin jirgi, duk Tahoua Sakola, shirin gyaran gari don bikin, ce ta kawo. Haka aka yi wa Dosso a 2014, Maradi 2015, Agadez 2016, Zinder 2018. Da merin Tahoua aka bar wa, da lanho za ta yi wannan?

Tsohon_Sakataren_Meri:
Ɗana, ba wanda ya ce ba a yi aiki ba. Amma ka lura da yadda abin yake: sai layi ya zo kanku, shekara guda a zubo kuɗi kamar ruwan Agusta, sannan a wuce gaba. Wa anka tambaya cikin mutanen gari mi sunka fi buƙata? Kuma bayan biki, wa zai canza ƙwan fitila, wa zai yashe magudanar ruwa? Meri. Da wane kuɗi? Mun koma inda munka fito. Sannan Tahoua ba birnin kaɗai ba ne, mutumin Bouza ko Tchintabaraden mi ya samu cikin Sakola?

Malama_Kontiragi:
Ni a wani ƙauye nake koyarwa, aji na zana ne, duk shekara sai iyaye sun sake shi bayan damina. Teburin yara babu. Na kai kuka wurin magajin gari ya ce ba kuɗi, na kai wurin shugabanninmu na ilimi suka ce ai an miƙa wa kwamin. Kowa ya nuna ɗan uwansa. Ni ban damu da wa ke da iko ba, ina so in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa a ce mini nan ne.

Konseye_Na_Da:
Malama, yanzu ma ƙofar ta canza. Tun Afrilun 2024 an rushe majalisun kwamin da na jihohi, wakilan da aka naɗa ke riƙe da su. Wasu na cewa aiki ya fi sauri don ba rigimar jam'iyya, ba maganar tsige magajin gari duk wata shida. Ni na zauna a majalisar, na san rigimar nan ta ɓata mana lokaci ba kaɗan ba. Amma a da in na ƙi yin abu, mutanen ƙauyena sukan tare ni a wurin suna ko jana'iza su wanke ni tas, don sun san ƙuri'arsu zan dawo nema.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a yi hattara, a tsaya kan tsari da tattalin arziki. Wanda ya shigo da zagin wani mutum ko wata jam'iyya zan goge.

Dattijon_Keita:
Ni tsoho ne, jikana ke rubuta mini. Aikin da ya canza ƙasarmu shi ne projen Keita da anka fara 1984 da kuɗin Italiya. Abin da ya sa ya yi albarka, masu aikin nan Keita sunka zauna, ba Yamai ba. In dutse ya ƙare ko mota ta lalace, a ranar ake yanke magana. Matanmu su sunka ɗauki duwatsun nan a kai, ana ba su abinci, har fako ya koma gona. Lokacin kuwa mulkin soja ne na Kountché, ba zaɓe ba tarayya. Da projen ya tashi, gyaran madatsun ruwa ya zama sai an rubuta takarda an jira.

Yaron_Arlit:
Baba, wannan ai ita ce maganar. Mai yanke hukunci ya kwana inda abin yake. Mu namu masu yanke hukuncin ko ƙurar garin ba su shaƙa.

Zarmaganda_Boy:
Ku daina ganin kamar mu ƴan Yamai a aljanna muke. Ku zo Harobanda ko Talladjé da damina. Kuma da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, mu muka fi kowa shan duhu. Duk wanda ya rasa abin yi a jiharsa nan yake tahowa, gari ya cika ya batse. In an gyara jihohi mu ma mun huta, har Bagobiri ya koma gida.

Injiniya_Malbaza:
Af, ka tuna mini. A 2023 ɗin nan Najeriya ta gyara doka ta ba jihohi damar yin wutarsu da sayar da ita. Wannan kam da muna da irinsa, da rana kaɗai ta ishe mu a Adar. Ga tashar hasken rana nan Malbaza tun 2018, megawat 7, ƙarama ce amma tana aiki.

Daliba_Hadiza_Eco:
Yaya Dan_Adar, na koma na sake karanta tambayarka ta farko. Takardarka fa ba ta buƙatar tarayya. Abin da take buƙata minista ya ba daraktansa na jiha izinin sa hannu, shi ke nan. Ko a yi ta ta intanet. Abu uku muke ta cakuɗawa tun ɗazu: wa ke sa hannu, wa ke riƙe kuɗi, wa ke zaɓen shugaba. Najeriya ta ba jiha na ɗaya da na uku, na biyun rabi-rabi.

Basakkwace_a_Yamai:
Ƙanwata, rabi-rabi ma kin yi mana kara.

Dan_Adar227:
Na gode jama'a, na ƙaru, ko da yake har yanzu zuciyata na wajen gwamnan da zan iya kayarwa da ƙuri'ata. Hajiya kuma tambayarki ta motoci ba wanda ya amsa, ni ma ba ni da amsa. Wani abin haushi: yau da safe na kai takardar wurin aiki, aka duba aka ce sa hannu ya yi, amma babu kashe, wato hatimi, a shafi na biyu. Akwai mai zuwa Yamai ranar Lahadi in ba shi ita?

Uwar_Gida_Koira_Kano:
Ka ba direban mota ya kawo, yarona zai karɓa a gar ya kai musu. Alhaji mai albasa, in da hali a haɗo mini da rabin buhu, a faɗa mini kuɗin.

MaiAlbasa_Galmi:
Hajiya rabin buhu ba ya tafiya shi kaɗai, ki nemi maƙwabciya ku haɗa guda.